Kimiyyar Haɗa Kwamfutar Wasa: Yadda Ake Zaɓen Kayan Cikinta Da Monitarta

Gabatarwa

A shekarar 1962, Steve Russell da wasu abokansa a cibiyar nazarin fasaha ta MIT da ke Amurka suka tsara wani wasa mai suna Spacewar!, wanda a cikinsa kumbuna biyu ke harbin juna a kan wani zagayayyen gilashi. Na'urar da suka yi wasan a kanta, wato PDP-1, kuɗinta ya kai dala 120,000 a wancan zamani, saboda haka sai manyan jami'o'i da kamfanoni ne kaɗai ke iya mallakar ta. Daga wannan ɗan tsiro ne wasannin kwamfuta suka bunƙasa har suka zama babbar sana'a a duniya, suka kuma zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa masu ƙera na'ura mai ƙwaƙwalwa ke ta tseren ƙara mata sauri.

Kwamfutar da aka tanada musamman don manyan wasanni ba kasafai gwanaye kan saye ta a haɗe ba. Sukan sayi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa da hannunsu. Abin yana da tsada ƙwarai, domin kati ɗaya tak daga cikin kayan yakan kai dala 2,000. Wanda ya shiga kasuwa ba tare da sani ba, yana iya zuba dukiya mai yawa ya koma gida da kayan da ba su dace da juna ba, ko kuwa da na'urar da rabin ƙarfinta zai tashi a banza. Wannan maƙala za ta bi kayan nan daki-daki, ta bayyana aikin kowane da kuma lissafin da ake yi kafin a zaɓe shi. Ko da mai karatu ba shi da niyyar saye, zai tarar cewa a cikin akwatin nan akwai darussan lissafi da na haske da na zafi da na lantarki, irin waɗanda ake koyarwa a makarantun sakandare.

Me kwamfuta ke yi idan ana wasa?

Motsin da muke gani a majigi ko a talabijin, jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka abu ne mai tafiya. Fim ɗin silima yakan nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. To, amma hotunan fim an riga an ɗauke su an ajiye, nuna su kawai ake yi. A wasa kuwa babu wanda ya san inda ɗan wasa zai juya, don haka tilas kwamfuta ta zana kowane hoto sabo ful a daidai lokacin da ake bukatar sa.

Aikin yana bin matakai ne kamar haka. Ɗan wasa ya taɓa maballi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta lissafa inda kowane mutum da kowace mota da kowane harsashi ya kamata ya kasance. Daga nan ta miƙa umarni ga katin hoto, shi kuma ya lissafa launin kowane ɗigo. A ƙarshe monita ta haska abin da aka zana. Idan ana son hoto 60 a daƙiƙa, dukkan wannan aiki sai an gama shi cikin milisakan 16.7, kuma milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Abin lura a nan shi ne, kayan nan tamkar ayari suke. Kome saurin raƙumin gaba, ayari ba ya isa zango sai na baya ya iso. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: na'ura ba ta wuce saurin mafi rauni daga cikin kayanta.

A fara da monita

Mutane da yawa sukan bar zancen monita sai ƙarshe, idan kuɗi sun kusa ƙarewa. Alhali kuwa ita ce ke yanke yawan aikin da za a ɗora wa sauran kayan, saboda haka da ita ya kamata a fara. Abubuwa biyu ake dubawa tun farko: yawan ɗigogin da ke fuskarta, da kuma sau nawa take sabunta hoto a daƙiƙa.

Ɗigogin nan, waɗanda ake kira fiksel, a jere suke layi-layi. Monitar da ake kira 1080p tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Mai 1440p tana da 2,560 sau 1,440, wato 3,686,400. Ita kuwa wadda ake kira 4K tana da 3,840 sau 2,160, wato 8,294,400, ninki huɗu cif na ta farko. Ashe ke nan wanda ya sayi monita 4K ya ninka wa katin hotonsa aiki har sau huɗu.

Saurin sabunta hoto kuma da Hz ake auna shi. Monita mai 60 Hz tana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma ko da katin hoto ya zana 200, sittin ɗin nan kawai za ta iya nunawa cikakku. A nan ma lissafi yana da abin cewa. A 60 Hz kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7, a 144 Hz yana ɗaukar 6.9, a 240 Hz kuma 4.2, sannan a 360 Hz 2.8. Wanda ya tashi daga 60 zuwa 144 ya rage jira da milisakan 9.8, kuma kusan kowa yana ganin bambancin da idonsa. Daga 144 zuwa 240 ribar ba ta kai milisakan 3 ba, daga 240 zuwa 360 kuwa ba ta wuce ɗaya da rabi ba. Wato riba tana raguwa yayin da kuɗi ke ƙaruwa. Masu gasar wasannin harbi irin su Counter-Strike 2 ne ke damuwa da waɗannan 'yan milisakan na ƙarshe, domin a wurinsu wanda ya riga gani shi ya riga harbi.

Idan aka haɗa lissafin biyu za a ga girman aikin. Monita 4K mai 144 Hz tana bukatar a lissafa launin ɗigo kusan biliyan 1.2 a kowace daƙiƙa.

Girman monitar ma yana da ƙa'ida, kuma ana auna shi ne da inci daga kusurwa zuwa kusurwa. A nan malaman lissafi za su sami kyakkyawan aikin aji a kan ƙa'idar Pythagoras. A monita 1440p, idan aka ninka 2,560 da kansa, aka ninka 1,440 da kansa, aka tara, aka fitar da tushen jimlar, za a sami ɗigo 2,937 daga kusurwa zuwa kusurwa. A raba da inci 27, sai a sami ɗigo 109 a kowane inci. Da irin wannan lissafi, monita 1080p mai inci 24 tana da ɗigo 92 a inci, 4K mai inci 32 tana da 138, 4K mai inci 27 kuma 163.

To, nawa ne ido ke iya rarrabewa? Lafiyayyen ido yana rarrabe abubuwa biyu idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Ga wanda ke zaune santimita 60 daga monita, wannan ya yi daidai da tazarar kusan milimita 0.17, wato ɗigo 145 a inci. Saboda haka duk abin da ya haura wannan adadi da yawa, ido ba zai ci moriyarsa sosai ba daga wannan nisa, amma katin hoto sai ya yi wahalar zana shi. Wannan ne ya sa masana harkar kan haɗa 1080p da inci 24, 1440p da inci 27, 4K kuma da inci 32.

Ire-iren gilashin monita

Yawancin monitocin zamani da wani abu ake yin su mai suna lu'ulu'u mai ruwa-ruwa, wanda wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya fara lura da shi a shekarar 1888. Wannan abu yana malala kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke cikin tsari, kuma idan aka ba su lantarki sai su juya. Akan sa fitila a bayan gilashin, sai kowane ɗigo ya zama kamar 'yar taga da ke buɗewa ko rufewa don haske ya wuce ta matatar ja ko kore ko shuɗi. Wannan ita ce monitar LCD, kuma ta kasu gida uku.

Ta farko ita ce TN, mafi daɗewa da araha. Tana da sauri, amma launinta yakan dusashe idan an dube ta daga gefe. Ta biyu ita ce IPS, wadda kamfanin Hitachi na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1996. Launinta yana da kyau daga kowace kusurwa, sai dai baƙinta ba ya yin wuluk, domin tagogin ba sa rufewa ruf. Farinta yakan fi baƙinta haske kimanin sau 1,000. Ta uku ita ce VA, wadda wannan bambanci a wurinta yakan kai sau 3,000 ko fiye, amma wasu daga cikinsu sukan bar wata 'yar inuwa a bayan abu mai gudu idan wurin yana da duhu.

Akwai kuma OLED, wadda asalinta ya komo ga aikin Ching Tang da Steven Van Slyke a kamfanin Kodak cikin 1987. Ita ba ta da fitila a baya, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa. Idan ana son baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya, kuma yana sauya launi cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Aibinta biyu ne: tsada, da kuma tabo. Idan wani abu ya daɗe yana tsaye wuri ɗaya na tsawon watanni, ɗigogin wurin sukan gaji kafin sauran, sai a riƙa ganin sawunsa. Wanda zai yi amfani da na'urarsa wajen rubutu da karatu na sa'o'i da yawa, IPS ta fi masa kwanciyar hankali.

Abubuwa biyu suka rage a nan. Na farko, katin hoto ba ya zana hotuna a kan sauri ɗaya kullum, kuma idan saurinsa ya saɓa wa na monita sai a ga hoto ya yage, rabin sama na sabo, rabin ƙasa na tsoho. Maganin wannan shi ne monitar da ke jiran kati ya gama kafin ta sauya hoto. Kamfanin Nvidia ya fito da irin wannan fasaha a 2013 da sunan G-Sync, kamfanin AMD kuma ya biyo da FreeSync a 2015. Na biyu shi ne waya. Kowane ɗigo yana bukatar aƙalla bit 24, saboda haka 4K a 144 Hz yana tura bit kusan biliyan 29 a daƙiƙa. Tsohuwar hanyar HDMI 2.0 iyakarta biliyan 18, wadda ba ta wuce ɗaukar 4K a 60 Hz ba. Ana bukatar HDMI 2.1 mai biliyan 48, ko kuwa DisplayPort na zamani. Haka nan a tabbata an soka wayar a jikin katin hoto, domin akwai wata kafa mai kama da ita a jikin babban faranti wadda ba ta bi ta katin ba.

Katin hoto: gayyar masu lissafi

Katin hoto shi ne mafi tsada, kuma shi ne mafi tasiri a yawancin wasanni. Wasan Doom na 1993 furosesa ce kaɗai ke zana shi. A 1996 kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo mai ma'adanar megabait 4, a 1999 kuma Nvidia ya fito da GeForce 256 mai megabait 32. Katin RTX 5090 da kamfanin ya fitar a watan Janairun 2025 yana da gigabait 32, wato kimanin ninki dubu na wancan.

Bambancin furosesa da katin hoto kamar bambancin manomi gwani ne da gayya. Furosesa tana da ƙwayoyin lissafi kaɗan, takwas ko sha shida, kowace tana iya warware matsala mai wuya da sarƙaƙiya. Katin hoto kuwa dubban ƙananan ma'aikata gare shi, kowane da 'yar kunyarsa, kuma duk a lokaci guda suke sara. Da yake launin wannan ɗigo ba ya jiran na wancan, aikin zane ya dace da gayya. RTX 4090 na 2022 yana da irin waɗannan ma'aikata 16,384, RTX 5090 kuma 21,760.

Wajen zaɓe, a dubi monitar da aka riga aka tsayar. Ga 1440p, kati irin su Radeon RX 9070 XT na AMD, wanda ya fito a watan Maris 2025 a kan dala 599 da ma'adanar gigabait 16, ya wadatar ƙwarai. Ga 4K mai sauri ne ake neman manya irin su RTX 5090, wanda farashinsa na fitowa dala 1,999 ne. A kula da girman ma'adanar katin, domin a cikinta ake ajiye fatun bango da tufafi da fuskokin da ake liƙa wa abubuwan wasa. Idan ta cika, sai wasa ya riƙa sarƙewa kome ƙarfin katin. Gigabait 8 ya yi kaɗan ga sababbin manyan wasanni a 4K, 16 shi ne abin nema.

Tun daga 2018 katunan RTX suka zo da wata fasaha ta bin sawun haske, inda ake lissafa yadda haske ke tashi daga fitila ya bugi bango ya dawo, kamar dai yadda ake zana shi da layi a darasin madubi. Hoton yana yin kyau matuƙa, amma aikin yana da nauyi. Don rage nauyin sai aka ƙirƙiro dabarar zana hoto da ɗigogi kaɗan sannan a faɗaɗa shi a cike giɓin, wadda Nvidia ke kira DLSS, AMD kuma FSR. Da wannan dabara matsakaicin kati yakan iya ɗaukar monitar da a da ta fi ƙarfinsa.

Furosesa da babban faranti

Yawan ƙwayoyin furosesa ba shi ne abin dubawa na farko a wasa ba, domin yawancin wasanni ba sa amfana sosai da abin da ya wuce takwas. Abin da ya fi tasiri shi ne saurin kowace ƙwaya, da kuma kusancinta da bayanan da take bukata. A ɗauki misalin mai girki. Hatsin da ke rumbu yana da yawa amma da nisa, garin da ke ƙwarya a madafi ya fi kusa, wanda ke tafin hannunta kuma shi ne mafi kusa duka. Rumbu shi ne babbar ma'adana, ƙwarya ita ce RAM, tafin hannu kuwa wata 'yar ma'ajiya ce a cikin furosesar kanta da ake kira kash. A 2022 AMD ya fito da dabarar ɗora ƙarin kash a jikin furosesa, ya kai shi megabait 96 a Ryzen 7 5800X3D. Ƙanensa Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamban 2024 da ƙwayoyi takwas, ya sha gaban furosesoshi masu ƙwayoyi ninki biyu nasa a wasanni da dama saboda wannan dalili.

Akwai wani abu mai ban mamaki a nan. Nauyin furosesa ya dogara ne da yawan hotuna a daƙiƙa, yawan ɗigogi bai dame ta ba. Don haka mai neman hoto 360 a 1080p ya fi mai neman hoto 90 a 4K bukatar furosesa mai ƙarfi.

Babban faranti, wanda masu gyara ke kira madabod, a kansa ake dasa kome. Ba ya ƙara sauri da kansa, aikinsa haɗa kan kayan ne da raba musu wuta, don haka babu dalilin sayen mafi tsada. Abin da ba ya yiwuwa a yi sake da shi shi ne mazaunin furosesa. Ryzen na jerin 7000 da 9000 suna zama ne a mazaunin AM5, wanda ya fito a 2022. Furosesoshin Intel na zuriya ta 12 zuwa ta 14 suna zama a LGA1700, jerin Core Ultra 200S na 2024 kuma a LGA1851. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma wanda ya matsa da ƙarfi zai lanƙwasa siraran ƙafafun da ke ciki.

RAM da babbar ma'adana

RAM ita ce ke riƙe abin da ake aiki da shi yanzu, kuma da zarar an ɗauke wuta kome ya goge. Ga babbar na'ura, gigabait 32 ya isa. A saye shi a matsayin sanda biyu masu 16 kowace, domin furosesa tana da hanyoyi biyu na zuwa RAM, kuma sanda ɗaya tana barin hanya guda a rufe. Akwai iri biyu a kasuwa, DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba. Mazaunin AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa. Bayan an haɗa, sai an shiga saitin babban faranti an kunna abin da ake kira EXPO ko XMP, in ba haka ba RAM ɗin zai yi aiki ƙasa da saurin da aka biya kuɗinsa.

Ga babbar ma'adana kuwa, tsohon faifai mai juyawa yana karanta kimanin megabait 200 a daƙiƙa. SSD mai bin hanyar SATA yana kai 550, irin NVMe na zuriya ta huɗu kuma kusan 7,000. Wannan ba ya ƙara yawan hotuna a daƙiƙa, amma yana rage jiran buɗewar wasa ƙwarai. Da yake wasu wasannin sun haura gigabait 100 kowane, terabait 2 ya fi dacewa.

Wuta da zafi

A nan ne masu saye suka fi yin rowa, alhali Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwatin wuta shi ke karɓar lantarkin bango ya mayar da shi volt 12 da 5 da 3.3 da kayan ke sha, kuma idan maras kyau ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan. RTX 5090 shi kaɗai yana jan wat 575. A ƙara kimanin 160 na furosesa da 80 na sauran kaya, an haura 800. Shi ya sa kamfanin ya ba da shawarar akwati mai wat 1,000. A nemi mai tambarin 80 Plus Gold ko sama, wanda ke miƙa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja. Haka kuma a danna wayar wutar katin hoto har ta shige sarai. A 2022 an sami rahotannin narkewar bakin wayar wasu katunan RTX 4090, kuma binciken kamfanin ya danganta abin da rashin shigar wayar gaba ɗaya, domin inda haɗuwa ta yi ƙaranci nan turjiya ke ƙaruwa, zafi ya taru.

Ka'idar kimiyya ta nuna makamashi ba ya ɓacewa, sauya kama yake yi. Kusan duk wat 800 ɗin nan zafi suke komawa, kamar an kunna dutsen guga an bar shi a ɗaki. Zafi kuwa yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, gwargwadon tazarar da ke tsakani. Masu gwada kayan nan a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwaji. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, ɗaki yana iya kai digiri 38 a watan Afrilu, saboda haka furosesar da ta tsaya a digiri 75 a can za ta kusanci 90 a nan. Iyakar Ryzen na zamani digiri 95 ne, kuma idan ta isa nan sai ta rage gudu don ta tsira. Ke nan mai haɗa na'ura a ƙasashenmu yana bukatar babbar matsotsar zafi, da akwati mai raga a gaba, da fankoki masu shigo da iska ta gaba su fitar ta baya da sama. A auna tsawon akwatin ma, domin wasu katunan sun haura santimita 33.

Ƙurar hunturu takan toshe raga da fankoki, don haka a riƙa kakkaɓe su a kai a kai. Busasshiyar iskar lokacin kuma tana tara lantarki a jikin mutum, irin wanda kan yi ƙara idan an tuɓe rigar sanyi, kuma yana iya kashe ƙananan kayan ciki. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a ɗauki kowane abu. Game da ɗaukewar wuta, ana bukatar UPS, amma a lura cewa mai lamba 1,000 VA sau da yawa wat 600 kawai yake bayarwa. Kuɗin wutar ma abin lissafi ne. Wat 800 na awa huɗu ya kama kilowat-awa 3.2. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Nijeriya cikin Afrilun 2024, wannan naira 720 ne a rana, ko 21,600 a wata.

Kasuwa da lokaci

Farashin kayan nan yana hawa da sauka bisa dalilan da ba su shafi wasa ba. A 2020 da 2021 katunan hoto sun yi wuyar samu saboda annobar korona da kuma masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, har sai da aka sauya tsarin kuɗin a Satumbar 2022. A ƙarshen 2025 kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, domin manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Mai haƙuri yakan jira kasuwa ta lafa. Sau da yawa kati na biyu ko na uku a jeri yana ba da mafi yawan aikin na farko a kan rabin kuɗinsa ko ƙasa da haka.

Kammalawa

A taƙaice, tsarin zaɓe shi ne: a tantance irin wasan, a tsayar da monita, a nemi katin da zai iya ciyar da ita, a sami furosesar da ba za ta ja shi baya ba, sannan a lissafa wuta da sanyaya bisa yanayin garin da na'urar za ta zauna. Mai gasa ya nemi inci 24 mai 240 Hz ko fiye, da furosesa mai yawan kash. Mai son kyawun hoto ya nemi 4K mai inci 32 da babban kati. Mafi yawan mutane kuwa 1440p mai inci 27 ta ishe su.

Ya kamata ɗalibai su sani cewa amfanin wannan na'ura ya wuce wasa. A 2012, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto a Kanada sun yi amfani da katunan wasa biyu na GTX 580 wajen horar da manhajar da ta lashe gasar gane hotuna, kuma wannan nasara ce ta buɗe babin ƙirƙirarriyar basira ta zamani. Hinton ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 2024. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shaƙuwa da wasan kwamfuta har ta hana mutum harkokinsa cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Kayan aikin iri ɗaya ne, yadda aka riƙe shi ne ya bambanta. Muna fata malamai za su ɗauki lissafin ɗigogi da na wat da ke cikin wannan maƙala su gwada shi da ɗalibansu a aji, su kuma ɗalibai su auna monita ko wayar da ke kusa da su, su gano ɗigo nawa ne a kowane inci.